Shekarar da Na Ƙara Miki

Al-Jaradiya, Riyad,
ranar Juma'a, bayan la'asar.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa a gare ki, da maigidanki Malam Nasiru, da jikokina uku. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a gida da kan hanya, Ya kare ki daga sharrin baki da sharrin alƙalami, naki da na waninki. Mu nan lafiya lau muke, ni da mahaifiyarki, sai godiyar Allah.

Na san za ki ce me ya hana Baba ya yi magana ta waya kamar kowa. Saƙon murya yakan mutu ranar da waya ta faɗa ruwa, takarda kuwa in an adana ta takan jira mai ita shekara arba'in, kuma ke ce shaidata a kan haka. Saboda haka na rubuta da hannuna. Gobe zan biya kasuwar Batha a yi mini kwafi biyu, in ajiye ɗaya a akwatina, ɗaya a wurin aiki. Ta ainihin kuwa Malam Isuhu, mutumin Maraɗi da ke gadin gidan da muke haya, shi zai kawo miki, domin jibi zai tashi daga Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, ta Kano zai bi ya wuce gida hutu.

Kafin komai, alhamdu lillahi. 'Yar direba ta zama alƙaliya a babbar kotun tarayya. Ni da ban wuce aji huɗu ba, ni da duk abin da na sani a 'yan ƙasidun da ake rabawa a ƙofar masallaci da ƙofar ofis na tsince shi, yau tawa ce ake miƙewa tsaye idan ta shigo. Hoton rantsuwarki da kika turo na kai an wanke shi babba, yana rataye a saman firji. Mahaifiyarki ta ce na kusa huda shi da ido.

Amma ba murna kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Shekaranjiya kin gaya wa mahaifiyarki cewa tunda an tura ki reshen kotun da ke Kalaba, za ki bar yara a Kano cikin zangon karatu, kuma Alhaji Ɗanlami, mai shagon aika kaya a nan Batha, ya aiko miki cewa yana da wanda zai sa a mayar da ke reshen Kano tun kafin ki ɗaure jaka. Kin ce ba ki ba shi amsa ba tukuna. Ina roƙonki kada ki ba shi sai kin kai ƙarshen wannan takarda. Ba nasihar malami zan yi miki ba, don ban kai ba. Kurakuraina zan shimfiɗa miki, ki taka su ki wuce.

An haife ki a wani asibiti kusa da unguwar Al-Oud, lokacin muna zaune a ɗaki guda a bayan shagon mai katifa. Takardar da suka ba mu da Larabci take, kwanan watan kuma na Hijira ne, kamar kowace takarda ta ƙasar nan a wancan zamani. Da kika kai shekara shida muka kai ki Gumel wurin kakarki, wadda kika ci sunanta, domin ki shiga makaranta. Hedimasta ya ce yana son shekarar haihuwa ta Bature. Ina da wata 'yar ƙasida ta lokutan salla, a bangonta na baya akwai jadawali, shekarun Hijira a dama, na Miladiyya a hagu. Na ɗora rula, na bi layin sau uku, na rubuta, na aika. Har na yaba wa kaina a raina, na ce ga amfanin mutum mai ajiye takardu.

Abin da ƙasidar ba ta faɗa ba, ni kuma ban tambayi kowa ba, shi ne shekarar Hijira takan fara a cikin wata shekarar Miladiyya ta ƙare a cikin wata. Jadawalin wadda ta fara ciki kawai ya nuna. Ke kuwa a ƙarshen shekara kika zo, bayan ta Bature ta riga ta juya. Ta haka na ƙara miki shekara guda da hannuna, ba tare da kin rayu ta ba. Da kika girma kika zo yin fasfo, wanda ya fassara hoton takardar ya san aikinsa, ya rubuta daidai, kuma daga nan duk takardunki suka bi daidai. Ta firamare kaɗai ta zauna da kuskurena a cikinta, shiru, kamar kunama a ƙarƙashin tabarma.

Kin fi ni sanin ranar da ta yi harbi. Amma bari in faɗi yadda ni na ga hanyar daga nan, domin na bi ta taki-taki da wata ƙasida ta Hausa mai bayanin tsarin mulki, wadda na saya a Kano wani zuwa hutu. Na karanta cewa ba a ɗaukar mutum alƙalin wannan kotu sai ya yi aƙalla shekara goma da zama lauya, na ƙirga naki na ga sun wuce da nisa. Na karanta cewa idan gurbi ya samu ana sanarwa, masu so su nema, manyan alƙalai su faɗi abin da suka sani game da halinsu, hukumar da ke kula da aikin shari'a na tarayya ta tace sunaye, majalisar alƙalai ta ƙasa ta zauna da waɗanda suka rage ta yi musu tambayoyi, sannan ta miƙa wa shugaban ƙasa, shi kuma ya naɗa. Har wata guda na yi ina bin labaran majalisar dattawa ina jiran in ji sunanki, sai da kika yi mini dariya a waya kika ce babban jojin kotun kaɗai ake kaiwa can. Na koma ƙasidar, ashe ta faɗa, shafuka biyu ne suka manne ban raba su ba.

A tsakiyar wannan hanya aka bayyana sunayenku domin duk mai ƙorafi ya kawo. Wani, wanda har yau ban san shi ba kuma na yafe masa, ya tono rajistar firamare ya rubuta cewa kin rage shekara domin ki daɗe a kan kujera. Sai kika kira ni. Kika ce, "Baba, hoto ba zai wadatar ba, ta ainihin suke so. Tana nan kuwa?"

Tana nan. Tana cikin akwatin ƙarfen da mahaifiyarki ta so ta bayar ga masu gwangwan lokacin da muka taso daga Al-Oud, muka yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba saboda na hana. Ban taɓa sa an liƙe ta da leda ba, domin na taɓa karantawa cewa liƙewa yana ɓata hatimi. Na ɗauko ta, hatimin asibiti yana nan shuɗi kamar jiya aka buga. Na juya na dubi mahaifiyarki.

Ta ce, "To, Malam, na gani. Akwati ya ci. Amma wa ya jawo mana tun farko, akwatin ko rular?"

Na mayar da murfin akwatin na rufe.

Na kai takardar ga mai fassara mai lasisi, sannan na tafi ofishin jakadancinmu in yi rantsuwa cewa kuskuren nawa ne. Malam Isuhu ya raka ni. Jami'in da ya karɓe mu sa'anki ne, mai ladabi. Ya karanta abin da na rubuta, ya ɗago ya ce, "Baba, sai ka faɗi sunan 'yar taka."

Na nuna masa takarda na ce, "Ga shi nan a rubuce."

Ya ce, "Na gani. Amma rantsuwa da baki ake yin ta."

Uwata, kin san ke 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Kunya biyu ce a kan suna ɗaya. Tun ranar da liman ya raɗa miki shi ban taɓa furta shi ba, ko a gaban likita sai dai in miƙa kati. Na tsaya ina duban fanka. Malam Isuhu ya matso ya ce, "Hwaɗi mana, Malam Mamuda. Mu nan ba mu san kowa Gumel ba, balle mu kai rahoto."

Jami'in ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na faɗa. Rufin ofishin bai faɗo ba. Aka buga hatimi, aka aika, majalisar alƙalai ta duba ta ga Hijira ta yi daidai da fasfo, ta wanke ki, sunanki ya wuce. Da muka fito Malam Isuhu ya ce shekara ashirin muna tare bai san ina da murya irin ta ladan ba sai ranar.

Abin da nake so ki ɗauka daga wannan shi ne, ban yi ƙarya ba, ban yi ganganci ba, sau uku na duba, amma duk da haka na yi kuskuren da ya kusa cinye wahalarki ta shekara da shekaru. Mai duba layi ɗaya sau uku bai fi mai dubawa sau ɗaya ba, in dai layin ne ba daidai ba. Za a kawo miki takardu masu saɓani da juna kullum. Kafin ki ce mutum maƙaryaci ne, ki tambaya wa ya rubuta, da wane lissafi, yana kallon wane jadawali. Wani yana da uba irina. Kuma duk ranar da littafi ya ba ki amsa cikin sauƙi, ki nemi wanda ya girme ki a aikin ki tambaye shi abin da littafin ya yi shiru a kai.

Da na yi hankali daga nan, da takardar ta ƙare a wannan shafi. Amma na sake.

Kin gaya mini cewa ana raba guraben alƙalan tarayya tsakanin jihohi domin kowane ɓangare na ƙasa ya ga nasa a ciki, kuma a gurbin jiharmu ta Jigawa aka ɗauke ki. Ni kuwa da na ji gurbin Jigawa, sai na ɗauka kujera ce da aka ajiye a Jigawa. Ban tambaye ki ba. Ranar da aka rantsar da ke na sa aka dafa shinkafa da rago, na tara mutanenmu bayan sallar Juma'a, direbobi da magina da masu shago, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, har tsakar gidan ya kasa ɗaukarmu. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Mutanen da suka saba kirana direba suka koma Baban Mai Shari'a. Wani ya ce daga yau ko fitilar hanya ba za ta yi mini ja ba. Malam Isuhu ya ce shi ɗan Nijar ne, kotunmu ba ta kai kansa ba, don haka shi kaɗai ya rage da zai iya gaya mini gaskiya. A cikin wannan daɗi na miƙe na sanar da jama'a cewa a Dutse za ki zauna, in ta yi nisa Kano.

Bayan mako biyu takardar babban joji ta fito, aka ce Kalaba.

Mahaifiyarki ta ce, "Malam, kai da ka ce ka karanta."

Na koma na zauna da ƙasidar da abin da kika yi mini bayani daga baya, sai na ga inda na karkace. Gurbi daban, wurin zama daban. Gurbi yana nuna inda aka ɗauko mutum. Wurin zama kuwa babban joji ne ke rabawa, domin kotun guda ɗaya ce tak, rassa ne take da su a faɗin ƙasa. Inda shari'u suka yi yawa, kamar Legas da Abuja, sai a tara alƙalai da dama, inda suke kaɗan a ajiye kaɗan. Yau kina nan, gobe a ɗauke ki a kai ki wani reshen, kuma duk inda kika zauna hukuncinki na kotun tarayya ne, ba na garin ba. Wannan duk na gane shi, amma ganewa ba ta cire mini kunyar abin da na faɗa a gaban mutane ba.

A nan ne zan gaya miki abin da mahaifiyarki ma ba ta sani ba sai jiya. Alhaji Ɗanlami bai neme ki don kansa ba. Ni na je shagonsa da ƙafata. Na ce wa kaina saboda jikokina ne, kuma akwai wannan a ciki, amma mafi yawa saboda bakina ne da na riga na saki. Ya sa aka kawo shayi, ya saurare ni, ya ce, "Baban Mai Shari'a, wannan ai ƙaramin abu ne. Muna da mutane. Khalas, ka ɗauka an gama." Na yi godiya na miƙe. Har na kai ƙofa ya ce, "Af, dama akwai wasu kayana da kwastan suka riƙe a Kano, maganar tana kotun tarayya. Ba wai ina neman komai ba. Amma ka san na gida daɗi gare shi."

Na fito rana tana dukana, amma sanyi nake ji, domin na taɓa jin irin wannan magana, da wani harshe, a bakin wani mutum.

Kina da shekara uku kamfanin gine-ginen da nake yi wa tuƙi ya tura ni wani aiki can kudu, tafiyar yini guda daga Riyad. Mahaifiyarki tana ɗaki guda da ke, ba ta jin Larabci sosai. Na yi wata biyu na kasa haƙuri. Akwai wani shugaban leburori da yake da fada wurin manaja, na je na roƙe shi. Abin da a nan ake kira wasɗa ke nan, wato a sa baki a yi maka abin da layi bai kawo ka ba. Cikin mako guda aka dawo da ni. Bai karɓi komai a hannuna ba, na yi ta sa masa albarka.

Bayan wata shida ɗan ƙanen shugaban leburorin ya ja babbar mota da baya ya rushe katangar ma'aji. Ina tsaye a wurin, da idona na gani. Aka ɗora wa wani direba mutumin Damagaram, mai suna Habu, wanda a lokacin yana can yana alwala. Manaja ya tara mu ya ce wa ya gani. Shugaban leburorin kallona kawai ya yi, ya ɗan yi murmushi. Na dubi ƙasa. Aka soke iƙamar Habu, wato takardar zamansa, aka sa shi a jirgi. Da zai tafi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, har da ni. Na nemi labarinsa wurin mutanen Damagaram shekaru da yawa ban samu ba. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni na yi askin, kuma kan wani na aske.

Ni direba ne, shiruna mutum ɗaya ya kora gida. Ke alƙaliya ce. Ki auna abin da naki shirun zai yi.

Jiya bayan azahar na koma shagon Alhaji Ɗanlami. Ban zauna ba, ban sha shayi ba. Na ce masa, "Alhaji, maganar da na kawo maka na zo in ɗauke abata."

Ya ce, "Haba, Baban Mai Shari'a, ai na riga na aika mata."

Na ce, "To ni ma zan aika mata."

Ya yi dariya ya ce in bar yarinya ta sha ruwan sama a Kalaba, tunda haka na zaɓa. Na ce ruwan sama wanka yake yi wa mutum. Na fito ina jin kaina sakayau, kamar ranar da aka sabunta mini iƙama bayan dogon jira. Ban sani ba ko da gaske yana da kowa. Ban taɓa jin an ce babban joji yana raba alƙalai da shawarar masu shago a Batha ba. Mai yiwuwa jira kawai zai yi, duk ranar da canji ya zo miki da kansa ya ce shi ya yi, ya zo karɓar askinsa. Ko yana da mutum ko ba shi da shi, da zarar kin ce masa to, ya samu abin da yake nema. Ki ba shi amsa gajera, cikin ladabi, a rubuce, ki ajiye kwafi. In wata rana kina da uzuri na gaskiya, na lafiya ko na iyali, ki rubuta wa shugabanki kai tsaye da sunanki, ta ƙofar da kowa yake bi, ya amsa ko ya hana.

Yanzu da na huce, har ina ganin an yi miki gata. A Kano kowa ya san gidan mijinki, ya san makarantar 'ya'yanki, ya san wanda zai aiko ya gaishe ki ranar suna. A Gumel kuwa rabin gari danginki ne, ragowar rabin surukai. Wace shari'a za ki yanke a can ba a biyo ki gida da ita ba? A Kalaba ba ki ci abincin kowa ba, ba wanda ya goya ki. Za ki fara aiki da hannu wankakke. Alƙalai nawa ne suke roƙon Allah Ya ba su haka?

Zaman baƙunci kuwa, a wannan kaɗai nake ganin na isa in koyar da ke, domin shekara arba'in ke nan ina cikinsa. Farkon zuwana na yi shekara biyu ban koyi komai ba sai kalmomin aiki, tafi, tsaya, sauke. Ina ganin ai ba zama na zo yi ba. Maƙwabcinmu wani tsoho ya yi rashin lafiya har ya rasu, aka kai shi maƙabartar Al-Oud, ban iya ko jera kalmomin ta'aziyya ga 'ya'yansa ba, na tsaya kamar turke. Kada ki yi haka. Ki koyi gaisuwar mutanen garin tun makon farko, ta safe da ta ta'aziyya. Ki san sunan masinjan kotunki da magatakarda da mai shara, ki san in ɗansu ba shi da lafiya. Kada ki ce ai kwana nawa ne za a ɗauke ni, domin ni ma shekara biyu na ce zan yi. Mutanenmu da ke zaune can za su zo gaishe ki, ki karɓe su da fuska, amma a ofis, ƙofa a buɗe. Wanda ya fara da cewa ke tamu ce, ki saurari abin da zai biyo baya da kunne biyu. Kuma ki sayi laima mai kyau tun daga Kano, an ce ruwan can ba ya sallama.

Saura maganar yara, wadda na san ita ce ta hana ki barci, ba nisa ba. Jiya da na gama ba mahaifiyarki labarin Alhaji Ɗanlami da na Habu, sai ta tashi ta jawo jakarta daga saman kabad ta fara kakkaɓe ta.

Na ce, "Hajiya, ina zuwa?"

Ta ce, "Kano. Kai ka nemo mata wasɗar da ba ta da amfani, ni ce wasɗar da ta dace. Ka je ka sa a yi mini bizar fita da dawowa."

Na ce, "Ni kuma fa?"

Ta ce, "Ga akwatinka nan, ya dafa maka."

Na riga na haɗa takardunta, kuma na duba kwanan watan da Hijira da Miladiyya, sannan na ba mutum biyu suka sake dubawa. In Allah Ya yarda nan da mako biyu tana wurinku, za ta zauna da yara har a yi hutu, daga nan ku shawarta da Malam Nasiru yadda za a yi. Kada ki damu da ni. Akwai mai shinkafa a bakin layinmu, kuma likita dama ya ce in rage tumbi.

Saboda haka ki ɗaure jakarki ki tafi inda aka tura ki, kanki a ɗage. Ba wanda ya sa miki baki kika shiga, kada ki bari wani ya sa miki baki ki zauna. Na ƙara miki shekarar da ba taki ba, Allah Ya cire ta. Na so in ƙara miki alfarmar da ba ki nema ba, ke ce za ki cire wannan. Ranar Juma'a mai zuwa zan tsaya a gaban mutanen da na tara, in ce musu na yi kuskure, ba Dutse ba ce, Kalaba ce, kuma in gaya musu da bakina cewa na fi alfahari da hakan.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya saukar da ke lafiya. Ya sa ki shiga garin da ƙafar dama, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya nisanta ki da masu murmushi irin wanda na gaya miki. Ya daidaita harshenki da alƙalaminki, Ya sa mai gaskiya ya fita daga gabanki yana murna ko da ba ya jin yarenki. Ya raya mana yara, Ya saka wa Malam Nasiru da alheri bisa haƙurinsa. Ki sa Habu a addu'arki, duk inda yake.

Malam Isuhu ya leƙo yanzu yana tambaya me zan rubuta a bayan ambulan, wai kada in sa Uwata ya je yana yawo a Kano yana neman tsohuwa. Ya ce in kunya ta hana ni, in kawo shi ya rubuta. Na ce masa a'a. Wancan karon jami'i ne ya tilasta ni. Wannan karon ba wanda ya sa ni, kuma na rubuta shi da manyan baƙaƙe yadda kowa a cikin jirgin zai iya karantawa: Mai Shari'a Rakiya Mamuda.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Mamuda.